Alƙiblar Sabon Birni a Matsayin Ƙofar Koyar da Bekta da Lissafin Mazauni a Sarari ga Ɗaliban Babbar Sakandare

Tsakure

Takardar nan ta ɗauki tambaya guda da kowane yaron Gobir ya san muhimmancinta, wato ina alƙibla take daga garinsu, ta nuna cewa amsarta ta ƙunshi kusan duk abin da manhajar Lissafi Mai Zurfi ke nema a babin bekta mai fuska uku: lambobin mazauni, bektar mazauni, ninki mai ɗigo da ninki mai gicciye. An yi lissafin daga Sabon Birni da Isa, an kuma kawo hanyar gwada amsar a filin makaranta da sanda da inuwa. Shawarar ita ce a fara babin da wannan tambaya maimakon a fara shi da jerin dokoki.

Gabatarwa



Duk wanda ya koyar da bekta a aji biyu ko aji uku na babbar sakandare ya san inda ɗalibai ke tsayawa cak. Muddin ana kan allo, da layin x a kwance da layin y a tsaye, suna biye da malam. Da zarar an ce ga layi na uku, z, ya fito daga allon ya nufo su, sai a ga idanu sun yi fari. Daga nan sai hadda. Yaro zai iya jera i da j da k, ya buga ninki mai gicciye ba kuskure, amma ka tambaye shi ina kibiyar da ya samu ta dosa a cikin ɗakin, ba zai iya ɗaga hannu ya nuna ba.

Akwai wani giɓi kuma da ba mu cika lura da shi ba. A Lissafin Gama-gari ana koyar da latitud da lonjitud, amma tambayoyin WAEC da NECO sun tsaya a kan garuruwa biyu da ke kan latitud ɗaya ko kan lonjitud ɗaya. Garuruwan da mutane ke tafiya tsakaninsu ba haka suke a jere ba. Makamin da zai warware sauran yana can a Lissafi Mai Zurfi, a babin ninki mai ɗigo, kuma da wuya ka ga an haɗa babukan biyu a gaban ɗalibi, ko da malami ɗaya ne ke koyar da su.

Me ya sa Sabon Birni da Isa

Dalili na farko na halin da ake ciki ne. A watan Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke kusa da iyakoki, cikinsu har da na Isa da Sabon Birni. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, su ma waɗannan biyun suna ciki. Iyalai da yawa sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. Saboda haka duk wata dabarar koyarwa da ta dogara da kwamfuta ko intanet ko ɗakin gwaji, a wannan yanki ta zama magana ce ta cikin takarda. Abin da zai yi aiki shi ne darasin da malami zai iya ɗauka a aljihu ya gabatar ko a ƙarƙashin bishiya.

Dalili na biyu na tarihi ne, kuma ina ganin ya kamata 'ya'yan Gobir su san shi. Iyakar da ta raba Sabon Birni da Tsibiri ta Nijar, ta raba zuriyar da ta watse bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, da lissafin mazauni aka fara shata ta. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 an kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, aka zana da'ira mai nisan mil 100, aka ce iyaka ta bi gefenta na arewa har inda ta sake haɗuwa da latitud na 14. Sai a 1904 da 1906 aka yi wa layin kwaskwarima. Mutanen da aka yanka ƙasarsu da da'ira da latitud, bai kamata a ce wa jikokinsu wannan ilimi ya fi ƙarfinsu ba.

Matakin farko: kusurwar aji

Kafin a je ga duniya, a fara da ɗaki. A zaɓi kusurwa ɗaya a ƙasa, inda bango biyu da daɓe suka haɗu, a ce ita ce mafari, (0, 0, 0). Gindin bango ɗaya shi ne x, gindin ɗayan y, haɗin bangon biyu da ya miƙe sama shi ne z. A ba ɗalibai tef ɗin tela ko igiya mai ƙulli a kowace mita, kowa ya rubuta lambobin mazaunin kansa, na ƙusar da aka rataye kalanda, na saman ƙofa. In ajin mita 8 ne a tsawo, 7 a faɗi, 3 a tsayi, to daga mafari zuwa kusurwar da ke can sama a ɗaya ɓangaren √(64 + 49 + 9) ne, wato mita 11 da ɗan ɗoriya. A sa yaro ya hau benci da bakin igiya a tabbatar. Darasi ɗaya ya isa wannan, kada a daɗe.

Matakin biyu: duniya a cikin ƙwarya

A samo ƙwallo, ko ƙwarya biyu masu girma ɗaya a kife su baki da baki. Inda bakunan suka haɗu shi ne ikweta. A soke tsinke daga gindin wannan zuwa gindin waccan, shi ne layin z, mai bi ta ƙuryar arewa. Mafari yana tsakiyar ƙwaryar. Layin x ya fito ta inda lonjitud na sifili ya ratsa ikweta, a teku kudu da Gana. Layin y ya fito ta lonjitud 90 gabas. In muka ɗauki nisan tsakiya zuwa fata a matsayin 1, to garin da ke latitud a da lonjitud b yana da bektar mazauni:

(cos a cos b, cos a sin b, sin a)

Ɗalibin da ya yi latitud da lonjitud ya riga ya san rabin wannan, domin ya haddace cewa da'irar latitud a tana da rabin faɗi R cos a. Abin da ya rage kawai a raba wannan tsawon tsakanin x da y.

Sabon Birni tana kusan digiri 13.6 arewa, 6.3 gabas. Makka tana 21.4 arewa, 39.8 gabas. Da teburin lambobi huɗu kaɗai, ba sai da kalkuleta ba, za a samu:

S = (0.9661, 0.1067, 0.2351)
M = (0.7153, 0.5960, 0.3649)

Ninki mai ɗigo, S·M, shi ne 0.6911 + 0.0636 + 0.0858, ya tashi kusan 0.8405. Tunda tsawon kowace bekta 1 ne, wannan adadi shi ne cos na kusurwar da ke tsakaninsu a tsakiyar duniya, wato digiri 32.8. In aka yi amfani da kilomita 6,400 da takardun jarrabawa suka saba bayarwa a matsayin rabin faɗin duniya, nisan ya kai kilomita 3,664. In aka ɗauki 6,371, ya zama 3,647. A ce kusan kilomita 3,650 ke tsakanin Sabon Birni da Ka'aba. A nan ne yaro ke gane cewa ninki mai ɗigo adadi yake haifarwa, ba kibiya ba, kuma adadin yana faɗin yadda kibiyoyi biyu suka kusanci juna.

Matakin uku: ina za a fuskanta

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ya kamata malami ya ba da lokaci. Mutumin da ke tsaye a Sabon Birni yana da fuskoki uku nasa na kansa: sama, gabas, arewa. Samansa ita ce S, domin kibiyar da ta taso daga tsakiyar duniya ta bi ta ƙafarsa ta fita ta kansa. Gabas fa? A kan ƙwaryar za a ga cewa gabas tana yin kusurwar digiri 90 da tsinken z, tana kuma yin haka da S. To wace dabara ce ke ba da kibiyar da ta gicciye wasu biyu a lokaci ɗaya? Ɗalibi da kansa zai nemi ninki mai gicciye kafin a faɗa masa sunansa. In k ita ce bektar z, to k × S = (−0.1067, 0.9661, 0). A raba da tsawonta, 0.9720, a samu:

G = (−0.1097, 0.9940, 0)

Arewa kuma ta gicciye sama da gabas, saboda haka:

A = S × G = (−0.2337, −0.0258, 0.9720)

A nan malami ya dakata ya sa wani ya juya jerin ya buga G × S. Duk alamomin za su kife, kibiyar ta nufi kudu. Dokar da suke haddacewa cewa a × b = −(b × a) ta zama bambanci tsakanin fuskantar arewa da fuskantar kudu, kuma wanda ya gan ta haka da wuya ya sake mancewa.

Saura tambaya ɗaya: nawa ne na M ya kwanta ta gabas, nawa ta arewa? Ninki mai ɗigo ya sake dawowa da aikinsa na biyu.

M·G = 0.5139
M·A = 0.1721

In an raba na farko da na biyu a samu 2.99, wanda shi ne tan na digiri 71.5. Alƙiblar Sabon Birni ke nan: digiri 71.5 daga arewa ana juyawa gabas. A bakin magini, taku uku gabas, taku ɗaya arewa. In aka sa lambobin Isa, 13.2 arewa da 6.4 gabas, amsar ta sauko kusan digiri 71. Wannan sai a bar wa ɗalibai aikin gida.

Yanzu a kwatanta da abin da yaro mai kaifin kai zai fara yi in an ba shi taswira shimfiɗaɗɗiya. Zai ce Makka ta fi mu gabas da digiri 33.5, ta fi mu arewa da 7.8, ya raba, ya samu kusan digiri 77. Bai yi kuskure a rabawa ba. Kuskuren a taswirar yake, wadda ta miƙar da abin da yake a lanƙwashe. Digiri biyar da rabi ne bambancin. A kafa ƙusa biyu a ƙwaryar, ɗaya a Sabon Birni ɗaya a Makka, a ja zare ya yi tauri tsakaninsu. Za a ga zaren ya tashi yana karkata arewa fiye da yadda ido ya zata, sannan ya riƙa miƙewa gabas a hankali yayin da yake kusantar Bahar Maliya. Ba na jin akwai hujjar da ta fi wannan zare ƙarfi wajen nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa fuska biyu ba su isa ba.

Wannan tambaya tsohuwa ce. Albiruni ya rubuta littafi sukutum a 1025 wanda ya kai ga fitar da alƙiblar birnin Gazna, ɗaruruwan shekaru kafin Dekart na Faransa ya fitar da lissafin mazauni a 1637, kafin kuma Hamilton a 1843 da Gibs na Amurka a shekarun 1880 su shimfiɗa harsashin bekta yadda muke rubuta ta yau. Abin da ya ci wa magabata shafuka na lissafin kusurwoyin da'ira, yau ɗan aji biyu zai gama shi a shafi guda. Wannan ma abin faɗa wa ɗalibai ne, su san amfanin alamomin da suke ganin kamar wahala ce kawai.

Gwaji a filin makaranta

Gani ya kori ji. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogon Nijeriya da Nijar ƙarfe 10:18 ne da 10:27 na safe, lokacin da ɗalibai ke makaranta. A wannan minti hasken rana yana zuwa ne ta kan layin M, don haka duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar duk abin da ke tsaye kuwa ta ba ta baya.

Ga yadda za a shirya. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a share wuri mai laushi a daidaita shi, a kafa sanda miƙaƙƙiya ta fito mita ɗaya cif daga ƙasa. A ɗaura dutse a zare a rataya kusa da ita don a tabbatar ba ta karkace ba. Karkacewar sanda ce ke ɓata yawancin irin wannan gwaji. A zana da'ira kewaye da gindinta. Da hantsi, lokacin da kan inuwa ya taɓa da'irar, a sa tsakuwa. Bayan azahar, in ya sake taɓa ta a ɗaya gefen, a sa wata. Layin da ya haɗa tsakuwoyin biyu shi ne gabas da yamma na gaskiya, ba a nemi kamfas ko waya ba. Daga gindin sandar a auna taku uku yamma, taku ɗaya kudu, a kafa turke, a ja igiya. Wannan igiya ita ce hasashen ajin, kuma a bar ta ta kwana a nan kowa ya gani.

Ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18, inuwa za ta kwanta a kan igiyar. Akwai kuma gwaji na biyu a cikin na farko, wanda ni ya fi burge ni. Tunda sandar tana kan layin S, rana tana kan layin M, kusurwar da ke tsakanin sanda da hasken rana ita ce digiri 32.8 ɗin nan da muka samu tun farko. Tsawon inuwar sanda mai mita ɗaya zai zama tan 32.8, kusan santimita 64. Fuskar inuwa ta gwada ninki mai gicciye, tsawonta ya gwada ninki mai ɗigo. Yaro da rula a hannu ya auna nisan garinsu da Makka daga filin ƙwallo.

Mayu ya fi Yuli dacewa. A tsakiyar Yuli damina ta kankama, hadari na iya rufe rana a daidai mintin da ake jira. A ƙarshen Mayu kuwa 'yan aji uku sun shiga jarrabawa, don haka aikin na 'yan aji biyu ne. In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi, kwana ɗaya ko biyu kafin ko bayan ba sa kawo bambancin da rula za ta kama.

Abin da za a iya cewa a kan wannan hanya

Na san akwai masu cewa kada a shigo da addini ajin lissafi, ko kuma a ji tsoron yara su fita gari suna cewa masallatan iyayensu sun karkace. Tsoro na biyu yana da tushe, kuma wajibi ne malami ya tare shi tun a aji. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda ya yi nisa da Makka, fuskantar jiharta ya wadatar masa, ba a ɗora masa saita ainihin ginin Ka'aba ba. Darasinmu na lissafi ne, ba fatawa ba. Game da na farko kuwa, hanyar ba ta san Makka ba. A sa Legas, ko Agadas, ko Ƙudus, matakan ba za su canza ba. An zaɓi Makka ne saboda ita ce tambayar da yaron Isa zai so jin amsarta, kuma ita ce wadda aka riga aka san rana da mintin da za a gwada ta.

Wasu za su ce lokaci bai isa ba, manhaja ta yi yawa. Ba a ƙara babi ko ɗaya ba. Darasi huɗu ko biyar da dama za a kashe kan misalan littafi, masu lambobin da ba su da gari ba su da suna, su ne aka mayar kan misali ɗaya mai tsawo. Bayansa tambayoyin jarrabawa na baya za su zo da sauƙi, don yaro ya san abin da yake bugawa.

Ga malamin da ke son misali na biyu, farantin sola da ke tuƙa famfon rijiyar burtsatse ko injin ban ruwa a fadamar Rima yana nan. Hasken da faranti ke kamawa yana bin ninki mai ɗigo tsakanin kibiyar da ta fito daga fuskarsa da kibiyar rana. Da tsakar rana a ƙarshen Disamba, rana tana karkata digiri 37 kudu daga saman kai a Sabon Birni, wato 13.6 a haɗa da 23.4. Farantin da aka shimfiɗa a kwance zai kama cos 37, kashi 80 cikin ɗari. In an jingina shi digiri 30 yana kallon kudu, ya koma cos 7, kashi 99. Tunda da rani ake ban ruwa, manomi na da ruwa da tsaki a wannan lissafi.

Inda hanyar ke tuntuɓe

Dole a gargaɗi malami kan abu ɗaya, domin ɗalibai za su yi karo da shi ranar farko. Da sun ga an auna Makka, za su so su auna tsakanin Sabon Birni da Isa. Bektar Isa ita ce (0.9675, 0.1085, 0.2284). In suka buga ninki mai ɗigo da S, za su samu 0.99998, teburin lambobi huɗu ya mayar musu da shi 1.0000, kusurwa ta zama sifili, garuruwan biyu su zama gari ɗaya. Laifin na cos ne: kusa da sifili ba ya motsi sosai, don haka ƙaramar kusurwa tana ɓacewa a cikin lambobin da aka yanke.

Maganin yana cikin darasin farko na kusurwar aji. A ɗebe bekta ɗaya daga ɗaya: (−0.0014, −0.0018, 0.0067). Tsawon wannan shi ne 0.0071, a ninka da 6,371, a samu kusan kilomita 45. A ɗan gajeren nisa irin wannan, miƙaƙƙen layin da ya ratsa ta cikin ƙasa da wanda ya bi doron ƙasa kusan abu ɗaya ne. Sai dai a tuna wa ɗalibai cewa mun yanke latitud da lonjitud a lamba ɗaya bayan ɗigo, kuma kashi ɗaya cikin goma na digiri kilomita 11 ne a ƙasa. Kuskuren da bai taka kara ya karya ba a tafiyar kilomita 3,650, a tafiyar 45 babba ne. Wanda ke son amsa mai kyau a nan sai ya nemo lambobin garuruwan biyu har zuwa minti, ya yi aiki da kalkuleta mai lambobi shida ko fiye, ya kuma duba cewa tana kan digiri ba radiyan ba kafin ya danna komai.